Wutar Rana a Gida: Abin da Maƙeri Zai Iya da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin kowane magidanci da kowane mai ƙaramar sana'a a ƙasar nan ya sauya. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkar Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin "A" daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Bayan haka sai ga duhun watan Oktoba na shekarar, inda yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wuta saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo musu ita.

Ba abin mamaki ba ne, saboda haka, da jama'a suka ɗaga kai suka dubi rana. Alƙaluman da cibiyar nazarin makamashi ta Ember ta fitar sun nuna cewa a cikin watanni 12 da suka ƙare a Yunin 2025, Nijeriya ta shigo da farantan sola daga ƙasar Sin masu ƙarfin sama da megawat 1,700, abin da ya sa ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Wannan adadi ya kai kusan sulusin abin da babban layin wutar ƙasa yake rarrabawa a ranar da al'amura suka yi kyau. Sai dai kowane faranti da dala aka biya shi, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta kuma haura naira 1,500 a 2024.

Daga nan ne wata tambaya ta taso, wadda ake jin ta a bakin matasa masu sana'ar wayarin, da ɗaliban kwalejojin fasaha, har ma da wasu manyan jami'an gwamnati: me zai hana a riƙa ƙera waɗannan kaya a gida? Wayoyin hannu cike suke da hotunan bidiyo na masu haɗa farantin sola a kan teburi, da masu ƙera na'urar zafafa ruwa da duro da bututu. Tambayar tana da kyau, kuma kishin da ke bayanta abin yabo ne. Illarta ɗaya, ta haɗa abubuwa biyu da babu abin da ya gama su sai sunan rana. Farantin da ke mayar da haske lantarki kayan babbar masana'anta ne, wanda ya ce zai haɗa shi a tsakar gida asara zai tafka. Na'urar da ke kama zafin rana ta dafa ruwa kuwa aikin maƙeri ne da mai walda da mai gyaran famfo, kuma sakacin da aka yi da ita shekara arba'in yana cikin asarorin da ba a cika lissafawa ba.

Bari a fara da farantin lantarki. Zuciyarsa ita ce ƙananan ƙwayoyin silikon da ake jerawa a ƙarƙashin gilashi, kowace ba ta kai kaurin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, tana kuma fashewa kamar ɓawon ƙwai. Kafin a same ta sai an narka ma'adinin da ke cikin farin dutse a tanderun lantarki, an tace shi har ƙazantar da ta rage ba ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba, an mayar da shi curi, an yanka shi siriri-siriri da waya mai lu'ulu'u, sannan a zana masa layukan azurfa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ake yi a Nijeriya. A gaskiya ma ƙasashen Turai da Amurka kansu sun sha kaye a wannan fage, domin rahoton Hukumar Makamashi ta Duniya na 2022 ya nuna cewa Sin ce ke da sama da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na wannan sana'a. Wanda ya ce ya "ƙera" faranti a gida, abin da ya yi shi ne ya sayo ƙwayoyin daga waje, galibi waɗanda masana'antu suka ware saboda naƙasa, ya liƙa su da dalma ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙwaya rabin bolt take bayarwa, don haka sai ya jera 36 kafin ya sami abin da zai caja batir mai bolt 12.

Har zuwa nan aikin mai yiwuwa ne, kuma darasi ne mai amfani ga ɗalibi. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen rufewa. A masana'anta ana shimfiɗa ƙwayoyin tsakanin gilashi mai tauri da wata leda ta musamman, a zuƙe iska gaba ɗaya, a gasa a zafin da ya kai digiri 150 har komai ya manne ya zama abu guda. Wannan ne ya sa kamfanoni ke iya ba da tabbacin shekara 25. Mai haɗawa a gida ba shi da wannan inji, sai ya koma ga akwatin katako da gilashin taga da gam. Raɓa da tururi su shiga a daminar farko, dalmar ta yi tsatsa, zafin bazara ya buɗa katakon, ƙwaya guda da ta tsage ta riƙa ɗaukar zafi har ta ƙona abin da ke bayanta. A kan rufin da ke da silin na kwali ko na roba, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ko da an kau da kai daga batun inganci, lissafin kuɗi ya riga ya yanke hukunci. A shekarar 1977 farashin ƙwayar sola ya kai kimanin dala 76 a kan kowane wat. A 2024 cikakken faranti, da gilashinsa da firam ɗinsa na alminiyam, yana fita daga masana'antun Sin a kan kusan santi 10 na dala a kan kowane wat. Mai sayen ƙwaya 36 da gilashi guda da kwalbar gam a farashin ɗai-ɗai ba zai taɓa kusantar wannan farashi ba, ko da bai sa wa guminsa kuɗi ba. Shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin da faranti ke da tsada fiye da ninki goma, ana iya kafa hujja. Yanzu hujjar ta faɗi.

Wannan lissafi ya shafi gwamnati kamar yadda ya shafi matashi mai teburi. A watan Maris na 2025 Ministan Kimiyya da Fasaha na wancan lokaci, Uche Nnaji, ya bayyana aniyar gwamnati ta hana shigo da farantan sola domin a ƙarfafa masu yin su a gida. Masana'antar hukumar NASENI da ke Karshi a Birnin Tarayya an kafa ta ne da ƙarfin megawat 7.5 a shekara, wato ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100 na abin da aka shigo da shi a shekara guda. Gaskiya ne 'yan kasuwa sun buɗe wasu masana'antun a Legas da suka fi ta girma nesa ba kusa ba, kuma sun cancanci a taimaka musu da sauƙin haraji da rance mai rahusa. Amma su ma harhaɗawa suke yi, ƙwayoyin daga waje suke zuwa. Rufe iyaka a wannan hali ba zai tsimin dala mai yawa ba, zai dai ƙara wa mai shagon aski da mai sayar da ƙanƙara kuɗin faranti, ya kuma buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri sabuwar hanya. Wanda ya ga yadda ta kaya da shinkafa bayan rufe iyakoki a watan Agustan 2019 ba ya buƙatar dogon bayani.

Rabon ɗan ƙasa a harkar lantarkin rana yana wani wuri daban. Faranti ba shi ne mafi tsada a cikin kayan gida ba, batir da inbata su ne ke cin kuɗin. Auna buƙatar gida, da zaɓen kaurin waya, da ƙera ƙarafan da za su riƙe faranti a kan rufi, da sanya fis da wayar ƙasa, da wanke ƙurar hunturu, da gyara idan an sami matsala, duk ayyuka ne da ba a iya shigo da su a kwantena. Yawancin kayan solar da suka mutu a asibitocin karkara da fitilun kan titi ba faranti ne ya kashe su ba, rashin iya haɗawa ne da rashin mai kula.

Na'urar zafafa ruwa, wadda za a iya kira hitar rana, labarinta daban ne tun daga tushe, domin babu lantarki a cikinta sam. Akwati ne marar zurfi, a shimfiɗa abin tsare zafi a ƙasansa, a ɗora farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti marar sheƙi, a manna masa jerin bututu, a rufe da gilashi. Hasken rana ya ratsa gilashin, baƙin ƙarfen ya ɗauki zafi, gilashin ya hana iska kwashe shi, ruwan da ke cikin bututun ya yi zafi. Da yake ruwan zafi bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya hau da kansa zuwa tankin da aka ajiye a sama, na sanyi ya gangaro daga gindin tankin ya maye gurbinsa. Haka ruwan zai yi ta kewayawa daga hantsi zuwa la'asar, babu famfon tura ruwa, babu batir, babu wani abu mai motsi da zai lalace. Sharuɗɗan kaɗan ne, amma ba a karya su. Gindin tankin ya ɗara saman akwatin da aƙalla taku guda, don kada ruwan ya juyo da dare ya huce. Bututun ya riƙa hawa ba tare da lanƙwasar da za ta tara iska ba. Akwatin ya fuskanci kudu, a karkace shi kamar digiri 15 zuwa 20, tun da Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, Kano 12, Abuja 9, kuma a lokacin sanyi rana tana karkata kudu. Tankin kuma a naɗe shi da kyau, ko da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa busasshe ne a tsakanin duro biyu.

Ƙasar nan tana da wata falala da masu wannan sana'a a Turai za su yi sha'awa: ruwa ba ya daskarewa a cikin bututu. Wani kaso na wahalar hitar rana a ƙasashen sanyi, da na tsadarta, na kare ta ne daga ƙanƙara. A nan mafi sauƙin samfuri shi ne ya dace, kuma babu wani abu a cikinsa da ya gagari maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna ko masu walda na Ƙofar Ruwa a Kano, mutanen da ke ƙera injin niƙa da tankin ruwa da murhun gawayi kullum.

Ga lissafin. Ɗaga zafin lita 100 na ruwa daga digiri 20 zuwa 60 yana cin makamashin da ya kai yunit 4.65 na lantarki. A farashin naira 225 na Afrilun 2024, wannan ya kama naira 1,046 a rana, wato kusan naira 380,000 a shekara ga wanda ke buƙatar ruwan kullum. Wanda zai kunna ƙaramin janareta abin ya fi muni, domin da wuya litar fetur ta ba shi yunit 2, saboda haka zai ƙona fiye da lita biyu. A ɗaya ɓangaren, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a ƙasar nan yana kamawa daga kimanin yunit 3.5 a rana a bakin teku zuwa kusan 7 a can ƙuryar Arewa. Idan aka ɗauki 6, aka kuma ce hitar gida kashi 40 cikin 100 kawai take kamawa, akwati mai murabba'in mita biyu, wato kamar girman ƙyauren ɗaki, zai ba da yunit 4.8. Ya biya buƙatar ke nan. Duk naira 100,000 da aka kashe wajen ƙera ta za ta dawo cikin kwana ɗari na amfani. A ƙasar da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, jarin da ke mayar da kansa cikin shekara guda ko biyu ba a samunsa a ko'ina.

To me ya sa ba a ganin ta a kan rufin gidaje? Tarihi yana da amsa. A shekarar 1891 wani Ba'amurke mai suna Clarence Kemp ya yi rajistar hitar rana ta farko ta kasuwa a birnin Baltimore. A 1909 William Bailey ya raba akwatin kama zafi da tankin ajiya a jihar Kalifoniya, ya naɗe tankin, ruwa ya riƙa kwana da zafinsa. Ya sayar da dubbai. Abin da ya kashe kasuwarsa ba wata naƙasa ba ce a jikin na'urar, iskar gas mai arha ce da aka gano a yankin Los Angeles a shekarun 1920. Sana'ar ta koma jihar Fulorida ta bunƙasa a birnin Miami, nan ma lantarki mai arha ya binne ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Isra'ila kuwa, wadda ta sha ƙarancin mai a shekarun 1950, ta riƙe ta, a 1980 ta kafa dokar sanya ta a sababbin gine-ginen zama, har ta kai sama da kashi 80 cikin 100 na gidajen ƙasar suna wanka da ruwan rana. Duk inda makamashi ya yi arha, ko aka arhanta shi da gangan, hitar rana mutuwa take yi.

A nan yankin ma ba ilmi ne ya yi ƙaranci ba. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a Jamhuriyar Nijar, ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ƙasarsa, wato ONERSOL, tun daga 1969, kuma hukumar ta ƙera hitocin rana a Yamai tun lokacin da yawancin ƙasashen Afirka ba su san da zancen ba. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma sunansa take ɗauke da shi. A Nijeriya an kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a 1982, tana da takwara a Nsukka, kuma dukansu sun fitar da samfurin hitar rana da na busar da amfanin gona da na dafa abinci. Samfuran sun yi yawon baje-koli, an ɗauki hotuna, an yi jawabai. Amma mai otal da ke sayen kananzir da fetur da lantarki a farashin tallafi ba shi da dalilin sayen su, mai ƙera su kuma ba shi da dalilin barin injin niƙa. Tallafin da aka ce don talaka ake yi shi ne ya hana sana'ar tsayawa da ƙafafunta. Yanzu da aka janye shi, da duk raɗaɗin da janyewar ta jawo, ƙofar da ta daɗe a rufe ta buɗe da kanta.

Misalin da ya fi dacewa a yi nazari a kai shi ne na ƙasar Ostiriya. A farkon shekarun 1980, a ƙauyukan jihar Styria da ke kusa da birnin Graz, manoma da ƙananan ma'aikata suka fara haɗuwa rukuni-rukuni suna ƙera wa kansu akwatunan kama zafin rana. Ba kowa ya shiga garejinsa shi kaɗai ba. Rukuni yakan haɗa kuɗi ya sayi jan ƙarfe da gilashi a farashin sari, ya aro kayan lanƙwasa bututu da teburin liƙi daga rukunin da ya gabace shi, ya gayyato wanda ya taɓa yi ya nuna, sannan a yi aikin gayya har kowa ya sami nasa. Duk gyaran da wani rukuni ya gano, na gaba ya gaje shi. A 1988 suka kafa ƙungiya a garin Gleisdorf domin tsara aikin. Dubban gidaje suka sami hita ta wannan hanya, kamfanoni suka kwaikwayi samfurin manoman, kuma Ostiriya, ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufewa wata da watanni, ta shiga sahun gaba a Turai wajen yawan hitar rana da kuma fitar da ita waje. Aikin gayya da adashi ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ya rage shi ne zane guda ingantacce da kowa zai bi, da kayan aiki na aro, da malami na farko.

Akwai ƙorafe-ƙorafe biyu masu nauyi, kuma bai kamata a share su ba. Na farko, wa ke neman ruwan zafi a Maiduguri a watan Afrilu? Babu. Magidanci a Arewa wata uku ko huɗu yake buƙatarsa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a lokacin ne hazo ke rage hasken rana yana kuma lulluɓe gilashi da ƙura. Idan kwana 120 ne kawai, tsimin ya sauka zuwa kimanin naira 125,000 a shekara, ga wanda da lantarki yake dafawa. Wannan gaskiya ce, kuma ita ke nuna inda ya kamata a fara. Ba gidajen jama'a ba ne kasuwar farko, in ban da wurare masu sanyi irin su Jos da tsaunin Mambila. Kasuwar farko ita ce wuraren da ke dafa ruwa kowace rana ta Allah: ɗakunan haihuwa da wuraren wanki na asibitoci, makarantun kwana, otal-otal, gidajen abinci, mahauta, marina, da mata masu turara shinkafa. Waɗannan galibi da itace suke aiki, kuma ko da ruwan tafasasshe suke so, wanda ya fara daga digiri 60 maimakon 20 ya rage rabin itacen da zai kai shi tafasa. Haka abin yake ga gidan da aka yi haihuwa, inda wankan jego ke cin itace na kwana arba'in. Likitoci suna da ta cewa game da zafin ruwan wannan wanka, amma kuɗin itacen dai maigida ne ke biya, dajin kuma na kowa ne.

Ƙorafi na biyu ya fi kaifi. Tun da faranti ya yi arha haka, me zai hana a sayi manya biyu masu wat 550, a haɗa su kai tsaye da hitar lantarki a cikin tanki? Za su ba da kusan yunit 5 a rana, daidai da akwatin maƙeri, babu bututu a kan rufi, kuma idan bazara ta zo a juya wutar ga fanka. Ga gidan da ya riga ya mallaki kayan sola, wannan shawara ce mai ma'ana, kuma a wasu ƙasashe tana cin kasuwar hitar rana. Haka nan hitocin Sin masu bututun gilashi suna nan a kasuwa, sun kuma fi na gida riƙe zafi. Amsar ita ce ta ma'aunin ƙasa, ba ta gida ɗaya ba. Farantan biyu suna cin fili fiye da ninki biyu, kuɗinsu kusan duka waje yake tafiya, kuma ranar da naira ta sake faɗuwa farashinsu tashi zai yi. A hitar maƙeri, ko da gilashin da bututun jan ƙarfe daga waje suke, kaso mai tsoka na kuɗin ladan hannu ne da ke tsayawa a unguwa, wanda ya ƙera ta kuma shi zai gyara ta. Makarantar kwana mai ɗalibai dubu, wadda ke buƙatar dubban litoci, ba za ta rufe filin ƙwallonta da faranti don dafa ruwa ba.

Idan gwamnati za ta sa hannu, tilas ta zaɓi hanya da hankali, domin akwai wadda aka gwada ta ci tura. Kenya ta kafa doka a 2012 cewa duk ginin da ke amfani da fiye da lita 100 na ruwan zafi a rana sai ya sanya hitar rana, da tara mai tsanani ga wanda ya ƙi. Masu gidaje suka yi ca, majalisar dokoki ta soke dokar a 2018. Barbados, tsibirin da mutanensa ba su kai 300,000 ba, ta bi ta wata hanyar tun a shekarun 1970: ta ɗauke harajin kwastan a kan kayan da masu ƙerawa ke shigowa da su, ta ɗora haraji a kan hitar lantarki, daga 1980 kuma ta bar magidanci ya cire kuɗin hitar rana daga abin da za a yi masa haraji a kai. Dubun-dubatar gidaje suka sanya, kuma kamfanonin tsibirin ne suka ƙera. Tunisiya, a shirinta na 2005, ta sa bankuna su ba da rance, kamfanin lantarki ya riƙa karɓar biya kaɗan-kaɗan a cikin takardar kuɗin wuta. Dokar tilas a ƙasar da ba a bin ƙa'idar gini ba za ta haifar da komai ba sai sabuwar hanyar karɓar na goro. Sauƙin haraji da rance mai sauƙin biya su ne suka yi aiki a inda aka gwada.

Wajibi ne kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, da Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa su shigo tun kafin sana'ar ta yaɗu, domin hitar rana tana da nata haɗarin. Tankin da aka rufe ruf babu bututun fitar tururi yana iya fashewa. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi, don haka dole a sami hanyar surkawa. Ruwan da ya tsaya ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, kwana da kwanaki, matattara ce ta ƙwayar cutar da ke kawo ciwon huhu, abin da ya sa asibiti musamman ke buƙatar tankin da ke kaiwa 60. Duro mai lita 200 idan ya cika nauyinsa ya haura kilo 200, ba kowane rufi ke ɗaukarsa ba, gara a yi masa tasa hasumiyar ta ƙarfe. Duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki ba ya wankuwa. Ruwan rijiyar burtsatse mai kanwa-kanwa kuma yana toshe siririn bututu, sai an bar mabuɗin da za a riƙa wanke shi. Hita guda da ta ƙona jariri a ɗakin haihuwa ta isa ta ɓata sunan sana'ar a jiha baki ɗaya.

Gwamnatocin jihohi suna cikin manyan masu sayen itace a ƙasar nan, ta hanyar 'yan kwangilar abincin makarantun kwana da gidajen marayu da asibitoci, kuma su ne za su iya zama abokan cinikin farko ba tare da sun nemi sabon kasafi ba. Jiha ɗaya za ta iya ɗaukar makarantu goma, ta karɓi zane daga cibiyar Sakkwato ko ta Nsukka, ta ba ƙungiyar maƙeran garin aikin a ƙarƙashin kulawar kwalejin fasaha mafi kusa, ta riƙe wani kaso na kuɗin kwangilar har sai na'urar ta yi shekara tana aiki. A auna itacen da kowace makaranta ke ƙonawa a zango guda kafin a sanya, a sake aunawa zango guda bayan an sanya, a buga sakamakon a jarida da sunan makarantar da na maƙerin. Ya kamata a bayar da aikin tun a watan Agusta ko Satumba, domin akwatunan su hau kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa a Nuwamba.